Amsar Wasiƙunku: Gwaji Biyu Aka Rubuta, Me Ya Kawo Biya Tara?

 Wasiƙar da muka karanta a shirinmu na daren Laraba ta jawo magana da yawa, har wasu suka aiko cewa a buga amsar a jarida domin su ajiye, tun da maganar rediyo iska ce, in ta wuce ta wuce. To ga ta nan, tare da ƙarin bayanin da lokaci bai bar mu mun yi ba a wannan dare.

Wasiƙar ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Magama, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina da yaro ɗan shekara 14 wanda ya fara faɗuwa yana sandarewa tun bayan babbar salla. Mun yi na gida, mun yi rubutu, abin bai tsaya ba. Da muka je asibiti sai likita ya tura mu birni a yi masa gwaji biyu, ɗaya na wayoyi a ka, ɗaya hoton ƙwaƙwalwa. Na sayar da rago da buhunan gero na tafi. A wurin gwajin, wanda na kuɗi ne ba na gwamnati ba, sai da na biya har kashi tara, jimilla Naira 197,000. Ni dai na san gwaji biyu aka rubuta mini. Don Allah Malam, cuta ta aka yi ko haka abin yake? Ga hoton takardun nan na haɗo."

To Alhaji, da farko muna yi wa yaro addu'a, Allah ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ne. Aikin malanta na koya, allo da alli na sani kafin in zo gaban makirfo. Amma na zauna da takardun nan naka, na kuma nuna wa ma'aikatan asibiti da suka san aikin, kuma amsar a taƙaice ita ce: wasu daga cikin kuɗin nan halal ne, dole ka biya su, wasu kuwa akwai alamar abu ɗaya aka karɓa maka sau biyu. Babban abin da ya faru shi ne ba ka yi a asibiti abin da kake yi kowace Lahadi a kasuwar Jibiya ba.

Me nake nufi? In ka zo sayen buhun gero, kafin a ce maka "Allah ya ba da sa'a" sai ka tambaya: da buhunsa ne ko juye ne? Dako a kan wa? La'ada fa, wa zai ba dillali? In mai hatsi ya ce da buhunsa ne, sannan ka juya za ka tafi sai ga yaronsa ya biyo ka yana neman kuɗin buhu da na zaren ɗinki, ka san amsar da za ka ba shi. In kuwa tun farko an ce juye ne, ba ka da bakin magana, sai ka nemo buhunka. Haka lissafin asibiti yake. Akwai farashin dunƙule, watau kuɗi ɗaya da ya ƙunshi duk abin da gwajin ke bukata, akwai kuma farashin ɗai-ɗai, inda kowane abu ke da nasa kuɗi. Kowane daga cikinsu ba laifi ba ne. Inda ɓarna take shi ne a haɗa maka su biyun: ka biya dunƙule, a zo kuma a warware shi a karɓi kuɗin kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan tambaya ta "me ke cikin kuɗin nan", da ɗan kasuwa ba ya mantawa da ita a gaban buhu, ita ce muke jin nauyin yi a gaban tagar kashiya, saboda hankali a tashe yake, ga takarda da Turanci, ga layi a bayanka.

Bari mu bi takardunka.

Gwajin wayoyin nan, a rasit za ka ga an rubuta haruffa uku, EEG. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana aiki ne da wata 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai, kuma a farfaɗiya wannan wuta ce ke rikicewa ta tashi gaba ɗaya kamar guguwa. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan motsi a kan mutum a 1924. Ana manna ƙananan wayoyi wajen ashirin a fatar kai da wani mai mai danƙo, a bar mutum a kwance kamar minti 20 zuwa 40, a ce ya buɗe ido ya rufe, ya yi numfashi da ƙarfi, wani lokaci a haska masa fitila mai ƙyaftawa. Injin saurare kawai yake yi, ba ya sa wa mutum wuta a ka, don haka iyaye mata su kwantar da hankali. A takardarka an karɓi Naira 25,000 na gwajin, sannan 3,000 na "kayan aiki", sannan 5,000 na karanta sakamako.

Kuɗin kayan aikin nan shi ne kuɗin zaren ɗinki. Babu yadda za a yi wannan gwaji ba tare da man mannawa da auduga ba, kamar yadda tela ba zai ɗinka maka riga ba da zare ba. In takardar farashin wurin ta nuna 25,000 shi ne kuɗin gwajin gaba ɗaya, to 3,000 ɗin nan biya biyu ne. Kuɗin karantawa kuwa yana da fuska biyu, kuma a nan nake son a yi adalci. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu kuma suna manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sau da yawa mai injin daban, likitan da zai fassara zanen daban, har ma yana iya kasancewa a wani gari ake aika masa. In haka ne, raba kuɗin gida biyu ba ha'inci ba ne, muddin an gaya maka tun farko. Abin da za ka duba shi ne: an ba ka takardar sakamako mai bayani, da suna da sa hannun wanda ya karanta? In zane kawai aka miƙo maka babu bayanin kowa, to ka biya kuɗin karatun da ba a yi ba.

Yanzu ga inda kuɗi mai nauyi yake, watau hoton ƙwaƙwalwa, wanda ake rubuta CT. Wannan inji ne mai kama da babbar ƙawanya, ana tura kan mutum ciki, ya ɗauki hoto yanka-yanka kamar yadda ake yanka burodi. A wani asibiti a Landan aka fara gwada shi a kan mara lafiya a 1971. Ana yin sa iri biyu. Akwai na haka kawai, akwai kuma wanda ake ɗura wa mutum wani ruwa ta jijiyar hannu, ma'aikata na ce masa kwantaras, domin ya haska hanyoyin jini da ƙari ko kumburi in akwai. In za a yi mai ruwan, yawanci sai a fara ɗaukar na haka kawai, sannan a ɗura ruwan a sake ɗauka, duk a kwanciya ɗaya, cikin 'yan mintoci. A wurare da dama kuɗin mai ruwa ya riga ya ƙunshi ɗaukar farko, shi ya sa ya fi tsada.

A takardarka, Alhaji, na ga 60,000 na mara ruwa, na ga 85,000 na mai ruwa, rana ɗaya, kai ɗaya, na kuma ga 2,000 na allurar da aka sa a hannu. Kai da bakinka ka ce sau ɗaya yaron ya shiga ɗakin. A ganina nan ne ya fi kamata ka koma ka tsaya. Ka nemi a nuna maka takardar farashi, ka tambaya ko suna da farashi guda na wanda aka yi duka biyun a zama ɗaya. In suna da shi, to abin da ya hau kansa naka ne, a mayar maka.

Kada ka ɗauka wannan matsala tamu ce mu kaɗai. A Amurka, inda gwamnati da kamfanonin inshora ke biyan yawancin kuɗin asibiti, kowane aikin likita yana da lambarsa. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta fara buga littafin waɗannan lambobi a 1966. Da aka ga ana warware aiki ɗaya ana tura lambobi da yawa domin kuɗi ya ƙaru, sai a 1996 hukumar da ke kula da Medicare, watau shirin gwamnati na biya wa tsofaffi kuɗin asibiti, ta fito da wani tsari inda kwamfuta ke duba lambobin biyu-biyu, in ta ga ɗaya tana cikin ɗaya sai ta ƙi biyan ta biyun. Hoton kai a can lamba uku gare shi: ta mara ruwa, ta mai ruwa, da ta uku ta wanda aka yi duka biyun tare. Wanda ya yi na ukun ya tura ta farko da ta biyu, ya yi kuskure, ko da gangan ko ba da gangan ba. Bambancinmu da su shi ne, a can kwamfuta ce ke tsare ƙofa, a nan kuwa mai biya daga aljihunsa shi ne mai gadin kansa.

Sauran kuɗin naka fa? Naira 7,000 na gwajin ƙoda daidai ne, kada ka yi jayayya a kansa. Ruwan nan da ake ɗurawa ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki, don haka akan so a san lafiyarta kafin a ɗura, kuma aikin ɗakin gwajin jini ne, ba na masu hoto ba. Wannan kamar kuɗin mota ne daga kasuwa zuwa gida, ba ya cikin kuɗin gero. Ganin likita na farko, 5,000, shi ma daidai ne. Na biyun sai ka tuna: in wata rana ce daban ka koma likita ya zauna ya duba sakamako ya rubuta magani, wurare da yawa suna karɓar kuɗi a kan haka, ba abin mamaki ba ne. In kuwa ranar ce, takarda kawai ka shiga ka karɓa ka fito, to ka tambaya.

Ban ce ɓarayi ka gamu da su ba, kuma kada ka tafi da wannan a bakinka. Na taɓa raka wani ɗan'uwana irin wannan wuri, na tsaya ina kallon yadda abin ke faruwa. Likita ya rubuta takarda da rubutun nan nasu da sai su. Yarinyar da ke kan kwamfuta ba ta taɓa shiga ɗakin hoto ba, ta ga kalmomi biyu sai ta danna layi biyu. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta allura a tata takardar saboda an ce duk abin da ta ɗauka a sito ta rubuta. Kowa ya yi abin da aka sa shi, babu wanda ya haɗa takardun wuri ɗaya ya duba, sai mai biya, shi kuwa ba ya karanta Turanci. Akwai masu yi da gangan, ba na musu. Amma ko wane ne, maganin ɗaya ne, a haɗa lissafin a takarda guda a karanta shi layi-layi.

Akwai kuma kuskuren da ke tafiya ta ɗaya ɓangaren, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. A ce maka ga kuɗin "binciken ƙwaƙwalwa gaba ɗaya", ka biya dunƙule, ciki har da gwaji uku, sai a yi biyu, a ce injin na ukun ya lalace ko babu wuta, ka dawo wani mako. Mutumin da ya taso daga ƙauyen Jibiya, ya biya kuɗin mota da na kwana, sau nawa zai dawo? Haka kuɗin yake kwantawa. In an dunƙule maka, ka sa a rubuta sunan kowane gwaji da ke ciki, a riƙa sa hannu a gaban wanda aka yi. Wanda ba a yi ba, ka nemi kuɗinsa ko takardar shaida cewa kana bin su.

Tun da mun shiga maganar, bari in taɓo gwaji biyu da wasu suka yi tambaya a kansu bayan shirin. Na farko ɗibar ruwan laka, wanda ake yi in ana zaton sanƙarau. Ana sa siririyar allura a ƙasan gadon baya, ƙasa da inda lakar kanta ta ƙare, a ɗebi ruwa kaɗan. Na mai lafiya garau yake kamar ruwan sha, na mai sanƙarau sau da yawa yakan fito a gurɓace. A nan aiki biyu ne na gaskiya: ɗibar ruwan aikin likita ne, binciken ruwan aikin ɗakin gwaji ne, inda za a ƙirga ƙwayoyin da ke ciki, a auna sukari da furotin, a kuma shuka shi a ga irin ƙwayar cutar da za ta tsiro. Ganin layi uku ko huɗu a rasit a kan wannan ba lallai cuta ba ce. Abin da ba daidai ba shi ne a karɓi kuɗin "binciken ruwan laka" a dunƙule, a zo kuma a karɓi na sukari da na furotin na ruwan nan dai daban. Amma in ka ga sukarin jini a gefe, ka bar shi, ana auna shi ne domin a kwatanta da na ruwan. Na biyu shi ne gwajin jijiyoyin hannu da ƙafa, da ake yi wa masu jin dindiris ko mutuwar yatsu, kamar wasu masu ciwon sukari. Shi wannan ana ɗan ba jijiya wuta kaɗan a auna saurin tafiyar saƙo, wani lokaci a haɗa da siririyar allura a tsoka. Tambayar da za ka yi a nan ita ce: kuɗin na hannu ɗaya ne, na kowace jijiya ne, ko na zaman gaba ɗaya? Wanda bai tambaya ba yana iya shiga da lissafin hannu ɗaya ya fito da na gaɓoɓi huɗu.

Wata wasiƙar kuma ta zo mana daga ƙetaren iyaka, daga wata baiwar Allah a Ɗan Isa, kuma ta dace da wannan magana. Ta ce maigidanta ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka yi masa hoton kai a Maraɗi, bayan kwana shida 'yan'uwansa na Nijeriya suka ɗauko shi suka kawo shi nan, sai aka ce sai an sake hoton. Tana tambaya ko wannan ba biya biyu ba ne.

Hajiya, sannu da jinya. Da farko hoton nan ba asarar kuɗi ba ne. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, ko dai jini ya daskare ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, ko kuwa jijiya ta fashe jini ya zuba. Daga waje kama ɗaya suke yi, amma maganin da ke tsinka jini, wanda ke taimakon na farko, yana iya hallaka na biyu. Hoton ne ke rarrabewa. Sake shi kuwa, in jikin ya canza, ko ya ƙara nauyi, ko barci ya yi masa yawa, likita na da hujjar son ganin abin da ya faru a cikin kwana shidan. Amma a wasiƙarki kin ce takardar sakamako kawai kuka zo da ita, kuma da Faransanci take. A nan gizo ke saƙa. Likitan Nijeriya ba lallai ya karanta Faransanci ba, amma hoton kansa ba shi da yare. Da kun zo da fim ɗin ko faifan da aka sa hoton a ciki, mai yiwuwa da ya duba ya wadatu. Don haka duk wanda aka yi wa hoto a Maraɗi ko Katsina ko Kano, kada ya bar wurin sai da fim ko faifai, da takardar bayani, da kwanan wata a jiki. A tambaya tun farko ko kuɗinsu na cikin kuɗin hoton. A ajiye su a leda, kada a naɗe fim, kada a bar shi a rana. Mutanen wannan yanki sun san komawa ɗauko takarda ba ƙaramin abu ba ne. An rufe iyakar nan a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris na 2024 aka buɗe. Wanda ya baro fim ɗinsa a ƙetare a irin wannan lokaci, sabon hoto ya kama shi.

Wani abu kuma da ya shafi bakin iyaka shi ne yadda muke ƙirga kuɗi da baki. A Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000. A wajen dattawanmu na nan jaka Naira 200 ce. In aka ce maka "jaka hamsin" a Maraɗi, sefa 50,000 ake nufi, wani tsohon ɗan Jibiya kuwa zai ji Naira 10,000. Kuɗin asibiti ba a yin sa da baki. A rubuta da lamba, a rubuta ko sefa ce ko Naira, in ɗan canji ne zai shiga tsakani a gama da shi kafin a isa taga.

Yanzu Alhaji, da wane ƙarfi za ka koma? Kana da shi. A ranar 31 ga Yuli, 2018, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya guda 12, wadda hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya ta shirya, hukumar da yanzu ake kira FCCPC. Ɗaya daga cikin haƙƙoƙin shi ne a yi wa mara lafiya lissafi a fili, a bayyana masa duk kuɗin da zai biya. Wannan bai ware asibitin kuɗi ba. Saboda haka neman a rubuta maka lissafi layi-layi ba roƙo ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne.

Ka tafi da asalin rasit ɗin, amma ka yi kwafinsu ka bar a gida. Ka tafi da wanda ke karanta Turanci, ko ɗan sakandare ne. Kada ka tsaya gardama da kashiya a taga, ba shi da ikon mayar da kuɗi, sai dai ku ɓata wa juna rai. Ka nemi akanta ko manajan wurin, ka gaishe shi, ka ce ka zo a taimaka a fahimtar da kai lissafi. Ka ɗauki layi uku kawai, na hoto biyu, na kayan aiki, da na allura, ka ce a nuna maka su a takardar farashi. Wanda ya zo da layi uku da ya tabbatar ya fi samun biyan bukata a kan wanda ya zo yana cewa duk an cuce shi. In sun ƙi saurarenka, ma'aikatar lafiya ta jiha ce ke ba asibitocin kuɗi izinin aiki, kana iya kai kuka can a rubuce, ko ga hukumar da na ambata. Wanda abin ya same shi a asibitin gwamnatin tarayya, kamar asibitocin koyarwa, ya nemi teburin SERVICOM, wanda aka kafa tun 2004 domin karɓar koke-koken jama'a. A ko'ina ne dai, kada ka ba wani kuɗi a baranda don ya ce zai gaggauta maka. Kuɗin da babu rasit ba a bin sa.

Masu katin inshorar lafiya, ko na tarayya, wanda dokar 2022 ta mayar da hukumarsa NHIA, ko na tsarin taimakekeniya na jihar Katsina, ku naku biya biyun wani iri ne: a karɓi kuɗi a hannunku, a kuma tura lissafin ga masu inshora. Kafin ku biya ku tambaya ko gwajin na cikin abin da katin ya ɗauka, duka ko wani kaso, ku kuma tabbatar asibitinku na farko ya ba ku takardar turawa da lambar izini.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke zaune a kan kwamfutocin nan, na san kuna saurarenmu. In takarda ta zo da gwaji biyu na gaɓa ɗaya a rana ɗaya, ku ɗaga waya ku tambayi ɗakin hoto kafin ku danna. Ku liƙa takardar farashi a bango, da Hausa, da boko da ajami in da hali, a rubuta a gaban kowane gwaji abin da ke cikinsa da abin da ba ya ciki.

Sai dai akwai lokacin da ba a tsayawa lissafi, kuma ina so a ji wannan da kyau. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, musamman a bazara, ko mutum ya wayi gari baki ya karkace hannu ya mutu, ko jijjiga ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, waɗannan a ruga asibiti ne. Manya ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000. Na 2017 kuwa daga maƙwabtanmu Zamfara ya taso ya shigo Katsina da Sakkwato. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. A fara ceton rai, a ajiye kowace takarda, a yi lissafin bayan an samu natsuwa. Rasit ba ya ruɓewa.

Abu na ƙarshe a wasiƙarka, Alhaji, ka ce takardar gwajin wayoyin ta nuna babu komai, shi ya sa kake ganin kamar kuɗin ya tafi a banza, har kana tunanin dakatar da ƙwayoyin da aka rubuta. Kada ka yi. Yaro na iya samun farfaɗiya gwajin ya fito lafiya lau, domin rabin awa kawai injin ya saurara, mai yiwuwa guguwar ba ta taso a lokacin ba. Likita ya fi dogara da labarin wanda ya ga faɗuwar da idonsa, shi ya sa in ta sake faruwa, bayan an kwantar da shi ta gefe an janye shi daga wuta da ruwa, ba a cusa masa komai a baki ba, wani ya ɗauka da waya a nuna wa likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da wannan ciwo a duniya, kuma kusan bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai suna sha ba fashi. Yanke maganin farat ɗaya yana iya tayar da jijjiga wadda ta fi ta da. In Allah ya sa sun mayar maka da wani abu daga kuɗin hoton, ka sayi maganin wata uku ka ajiye, ka kuma rubuto mana yadda kuka ƙare da su domin mu karanta wa jama'a.